Kwallin Jirgi

Ranar Talata, cikin bazarar 1984, matata Mairam ta tafi Gashua suna, ba ta dawo ba. Ta faɗi a tsakar gidan yayarta tana zuba wa mata shinkafa, kafin a samo mota ta rasu. Likita bai gan ta ba, saboda haka kowa ya samu damar faɗin abin da ya kashe ta. Wasu suka ce hawan jini, wasu suka ce zafin rana. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, shi kaɗai ne ba a yi wa musu ba.

Ni a lokacin ina Nguru, zaune gaban kabad ɗinta, na tura hannuwana ƙarƙashin cinya don kada su aikata abin da aka hana su.

Sai na koma baya kaɗan, in ba haka ba za a ɗauka taɓuwa ce. Wasu sun riga sun ɗauka.

Labarin ƙasa na koyar a sakandare har na yi ritaya. Na koya wa yara sunayen kogunan da ban taɓa gani ba, da iskokin da ke kaɗawa a tekun da ba zan taɓa hayewa ba. Cikin waɗanda na nuna wa yadda ake riƙe rula akwai wanda ya zama kwamishina, yakan ɗago mini hannu daga cikin mota idan ya tuna. Ranar sallama aka ba ni agogon bango, ya yi aiki zuwa faɗuwar damina, sannan shi ma ya yi ritaya. Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Amma na haɗa jirage fiye da abin da wasu ƙasashe suka mallaka, duk a kan teburin da bai kai tabarmar salla ba.

Wani Ba'indiye malamin lissafi ne ya jawo mini. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini kwali ɗaya na jirgin roba da ba a haɗa ba, da 'yan gwangwanayen fentin mai ƙanana kamar murfin kwalba, da tsofaffin mujallu na masu wannan cuta. Daga nan duk hutu sai in hau jirgin ƙasa zuwa Kano in sayo wani a kantin Turawa. Maƙwabta suka ce Malam Kalli ya rasa 'ya'ya ya koma wasan yara. Rabin maganar gaskiya ne. Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma na gaji da masu kawo mini shawara a kai tun gemuna bai fara fari ba.

Haɗa jirgi ba wuya, duk mai haƙuri da gam zai iya. Fenti ma haka. Abin da ke raba jirgi da abin wasa shi ne layukan jikinsa. Jirgin gaske ba ƙarfe guda ba ne, faranti-faranti ne aka jera aka ɗaure, kuma a kowace mahaɗa akwai siririn tsagi inda mai da hayaƙi da dattin tafiya ke taruwa. Idan babu wannan, jirginka zai zauna sumul kamar sabulu. Masu yin robar kuwa sukan fito da layukan a kumbure kamar jijiya, abin da ba a taɓa gani a jikin jirgi ba. Sai in kankare su, in sake tsaga su da allurar ɗinki da na soke a jikin kara. In yi fenti, in bar shi ya bushe sarai, in bi shi da man sheƙi don ya kare fentin.

Sannan aikin ƙarshe. A ɗebo ɗigon baƙin fenti da ɗigon mai ruwan ƙasa, a sirka su da tina, wato ruwan tsinka fenti, har su koma kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. A tsoma bakin burushi, a taɓa tsagin sau ɗaya. Ba a shafawa. Taɓawa kawai, ruwan da kansa zai bi tsagin ya ruga, ya sha kwana, ya faɗa wani tsagin. Na karanta littattafai da yawa, kaɗan ne suka ba ni abin da wannan gudun ke ba ni.

Sai dai duk inda burushi ya taɓa yana barin tabo, dole a goge. A nan matsalar take. Ka yi gaggawa, ka kwashe har da na cikin tsagin. Ka yi jinkiri, ya kama, balle a bazarar Nguru da ko yawu ba ya kai ƙasa da danshinsa. Ka danne hannu, ka ɗago fentin da ke ƙasa. Ni kuwa hannuna da goge allo ya saba, allo kuma ba ya buƙatar lallashi.

Mairam ta daɗe tana kallon abin daga nesa, kamar yadda ake kallon ciwon da ba ya kisa. Wata rana ta kawo mini kunu ta tarar ina fama da wutsiyar wani jirgi, sai ta tsaya a kaina.

"Malam, kwalli kake sa masa?"

"Ba kwalli ba ne. A littafi ana ce masa…"

"Kwalli ne. Kuma ka zazzaga masa kamar mai zuwa bikin ƙauye. Matsa."

Ta yago bakin wani tsohon zaninta, ta naɗe ɗan yatsa, ta taɓa tina, ta goge a bayan hannunta har ya kusa bushewa. Sannan ta ja sau ɗaya, daga gaba zuwa baya. Tabon ya tafi, layin ya tsaya. Na ce mata Turawan ma haka suka rubuta, a bi hanyar da iska ke bi. Ta ce, "To da ta ina za a bi?"

Tun daga ranar aikin ya rabu biyu, ni in sa, ita ta goge. Sau ɗaya na ba ta burushin ta gwada sawa, ta malala wa fiffike ruwa kamar mai ban-ruwan albasa a fadama, muka yi mako muna gyara. Kowa ya koma wurinsa. Kalmar littafin ma ta mutu a gidan, ni kaina na koma cewa kwalli.

Abu ɗaya ne bai taɓa daidaita ba. Idan kwallin na jiran lokacinsa, ita kuwa tukunya ta kira ta ko wata maƙwabciya ta yi sallama, ba na iya zama. In ga tabon yana bushewa a idona, in ce bari in ɗan rage mata aiki. Ta dawo ta sunkuya ta duba.

"Ka taɓa."

"Ban taɓa ba."

"Wannan fa? Akuya ce ta bi ta kai?"

"Haka ya bushe."

"Malam, ka ji tsoron Allah, da furfurarka."

Shekaru muna wannan. Kullum sai na taɓa, kullum sai na musa, kullum sai ta gane. Wasu ma'auratan suna da abin da ya fi wannan girma da suke faɗa a kai, ban ga sun fi mu jin daɗi ba.

Jirgin da ke kan tebur a waccan Talatar Dakota ne, mai inji biyu, farin azurfa. Irinsa na fara gani da idona a filin jirgin Kano ina ɗalibi, na tsaya a bayan waya har aka kore ni. Shi ne kuma kwalina na ƙarshe. An tsuke shigo da kaya daga waje, kantin Kano ya koma sayar da bokiti da tsintsiya, tinar da ta rage mini ba ta kai rabin kwalbar magani ba. Na ja aikin wata da watanni don kada ya ƙare.

Da hantsi, kafin zafi ya taso, na sa kwallin a fukafukan biyu. Mairam ta riga ta yi wanka ta sa kayan suna, jikar yayarta Ya Fanne za a raɗa wa suna a Gashua. Ta zauna a gefen tebur tana tattare hannun riga don kada ya ɓaci, ta goge fiffiken hagu. Ban taɓa ganin ya fito mata kamar na ranar ba. Kowane faranti ya tsaya da kansa, har ka ji kamar ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar ƙarfe. Ta miƙa yatsa za ta fara na dama, sai ga hon a ƙofar gida. Hammadu direba ne, mai jigila tsakanin Nguru da Gashua, ta roƙe shi tun jiya ya biyo ta gida.

"Ya jira," na ce.

"Da mutane cike da mota a rana? Kai dai ba ka da kunya a kan jiragenka."

"Zai kama."

"Ya kama. Ni na san yadda zan yi da shi."

"Gobe fa za ki dawo."

"Ko jibi ne."

Ta ɗauki jirgin da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwaryar nono cike, ta nufi ɗakinta da shi. Tana da kabad mai gilashi inda ta jera kwanukan aurenta, wurin da ko ƙuda ba ya shiga. Ta ture wasu kwanuka gefe, ta ajiye shi a tsakiya, ta rufe. Hon ya sake tashi.

"Kada ka taɓa shi sai na dawo."

"Na ji."

"A'a. Ajiye littafin nan ka dube ni ka faɗa."

Na ajiye na dube ta. Na ce na ji. Ta ja mayafi ta fita tana ba Hammadu haƙuri tun daga soro.

Na ɗauko kujera na zauna gaban kabad ɗin. Ta cikin gilashi ina ganin fiffiken dama da ɗige-ɗigensa, suna rasa sheƙi ɗaya bayan ɗaya. Kusa da injin akwai sawun babban yatsanta, inda ta riƙe shi kwallin bai bushe ba, zane-zanen yatsan sun fito ɓaro-ɓaro da ruwan ƙasa. Tsumman yana kan tebur, tina tana nan. Na san da na tashi, kafin a gama alwala na gama. Ban san abin da ya hana ni ba a wannan karon. Wataƙila don ta sa na dube ta ne. Wataƙila kuma mugunta ce kawai, ina son in ga fuskarta idan ta sunkuya ta nemi sawun akuya ta rasa. Na shirya yadda zan zauna, da shafin da zan buɗe, da yadda ba zan ko ɗaga kai ba.

Wajen la'asar Hammadu ya dawo. Bai yi hon ba. Ya yi sallama ya tsaya a soro yana murza hularsa.

"Malam, an ce ka zo. Jikin Hajiya ne ya ɗan motsa."

Mairam ba ta taɓa zuwa Makka ba, Hammadu kuma bai taɓa ce mata Hajiya ba. A nan ya kamata in gane. Muka kama hanya, sai a Jajimaji ya ce hanyar nan ta lalace, na ce ta lalace. Da muka shiga unguwar su Ya Fanne na hango tabarmi a ƙofar gida. Tabarmin suna ne, ba a ko naɗe su ba, mutanen ne kawai suka sauya abin da suke faɗa. An riga an kai ta. Da zafin nan ba a jira, kuma ni ma da wani ne haka zan ce. Alhaji Dunoma, mijin Ya Fanne, ya kama hannuna ya kai ni maƙabarta ya nuna mini tudun ƙasa da ba ta gama bushewa ba. Na yi addu'ar da ake yi. Ba ni da wani abin da zan ƙara a gaban mutane.

Bayan sadakar bakwai na koma Nguru. Masu ta'aziyya suka zo suka tafi, har da kwamishinan, ya aiko da buhun shinkafa a madadin kansa. Ban shiga ɗakinta don in yi kuka ba, ba na cikin masu iya wannan. Nakan shiga da safe in zauna a kujerar nan in duba. Tabon ya kama tuni, ya zama wani ɓangare na jirgin. Hagu an gama, dama ana jira. Duk abin da ta bari a gidan an gama amfani da shi ko za a gama, gishirinta da daddawarta da sabulunta. Wannan kaɗai ne aikin da ta ajiye da niyyar dawowa kansa, kuma muddin yana yadda ta bar shi, maganarmu ba ta ƙare ba. Ko gilashin ban buɗe ba.

Ranar arba'in Ya Fanne ta zo da mata cike da akori-kura don a kwashe kayan ɗaki. Haka ake yi. Kayan ɗakin mace nata ne, idan ta rasu mata 'yan'uwanta ke shiga su tattara, a wanke na wankewa, a fitar da na sadaka, sauran a kai inda za a raba. Namiji ba ya tsayawa a kansu. Wurinsa ƙofar gida, kan tabarma, yana amsa "ya haƙuri". Tun kafin su zo na ce wa Alhaji Dunoma ba na son ko cokali, su yi yadda suka ga dama da rabona.

Na yi niyyar in ce a bar mini jirgin. Sau biyu na yunƙura. Amma liman na damana, dattawan unguwa na haguna, ciki kuma mata ne suna kuka suna kiran sunanta a kan kowane zani da suka ɗaga. Mutumin da matarsa ta rasu ya tashi daga cikin masu addu'a ya leƙa cikin mata ya ce a kula masa da abin wasansa? Na zauna. Da na ga an fito da kabad ɗin babu komai a ciki ana ɗaure shi da igiya, sai na ce wa kaina sun ajiye shi a kan taga, ai kowa ya san na wane ne.

Da suka tafi na shiga. Ɗakin ya koma bango huɗu da sawun ƙafafun gado. An share, an yayyafa ruwa. Babu komai a kan taga.

Washegari na je tasha tun da sassafe, aka ce babu mai, motoci na layi. Sai da rana ta take Hammadu ya samu galan biyu a bayan kasuwa. Ya ba ni gaba, wurin da ta zauna.

"Malam, lafiya dai? Ba jiya aka yi arba'in ba?"

"An tafi da wani abu nawa cikin kayan."

"Takardun gida?"

"Jirgi."

Ya dube ni, ya dubi hanya. "Allah ya sa a dace," ya ce, da muryar da ake yi wa marar lafiya.

Ya Fanne ba sa'ar wasana ba ce. Ita ta goyi Mairam bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi mata jere ranar aure, a wurina matsayin suruka take. Ba a shiga gidanta a ce ina kaza. Aka shimfiɗa mini tabarma a rumfa, aka kawo ruwan randa, ta fito ta zauna nesa kaɗan ta juya gefe.

"Lale, lale, Malam. Wushe da hanya."

Muka gaisa. Ya gajiyar jiya, ya haƙuri, ya zafi, ya mutanen Nguru, ya kaɗaici. Ta tambayi wanda ke dafa mini abinci. Ta ce na rame. Ta ba ni labarin yadda Mairam tana ƙarama take bin ta bakin kogi wanki, ta yi kuka, ta share, muka sake gaisawa daga farko. A tsakar gida ina hango kwanukan Mairam an kife su a rana a kan tabarma, an wanke su tas, suna ɗaukar ido.

"Ya Fanne, cikin kabad ɗin akwai wani ɗan jirgi."

Fuskarta ta saki, karo na farko tun da na zauna.

"Ai na san za ka zo nemansa. Na ce wa Alhaji, Malam ba zai kwana biyu ba. Yaran nan ne suka naɗe shi a zani suka jefa cikin daro, ban gani ba sai da muka sauke. Kada ka damu, ko ƙwarzane bai yi ba. Ni da kaina na kula da shi."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da shi a kan faranti, an rufe da kyalle mai tsabta. Ta ajiye a gabana ta yaye.

Yana walƙiya. Hagu da dama duk ɗaya. Babu tabo, babu layi, babu sawun yatsa. A gefen fukafukan azurfar ta koɗe har robar ta leƙo, toka-toka. Warin kananzir ya daki hancina.

"Ka ga yadda na same shi kuwa?" ta ce. "Duk datti ya bi ya shige masa lungu-lungu, gefe guda kamar an watsa masa miya. Na ce subhanallahi, rashin mace a gida, wata guda kawai. Na sa ruwa da sabulu, ko gezau. Na sa kananzir, ya fara saki. Wani wurin sai da na haɗa da toka. Cikin tsagogin nan kuwa da tsinken tsintsiya na bi su ɗaya-ɗaya, tun bayan asuba nake kai, idona har ruwa yake."

Na juya farantin na dubi fiffiken dama.

"Mata za su zo ganin kaya gobe," ta ce, muryarta ta sauka. "Ka san bakin mutane. Ba zan bari a ce an samu abu mai datti a cikin kwanukan Mairam ba. Yarinyar da ko murfin tukunya ba ta kwana da shi ba a wanke ba. Ni na koya mata."

Ina da baki, duk wanda ya yi aiki da ni ya sani. Na taɓa sa sufeton makarantu ya bar ajina bai gama shan ruwansa ba. A zaunen nan jimloli sun zo mini a jere, kowace da kaifinta. Na dubi hannuwanta. Fatar yatsun ta yi fari ta tattare saboda kananzir da toka, a babban yatsa har ta tsage. Tsohuwa ce da ta binne yarinyar da ta goya, ta tashi da asuba ta yi mata aikin ƙarshe da ta san yadda ake yi.

"An gode, Ya Fanne," na ce. "Ya fita tas."

"Ko ba komai ka samu abin tunawa da ita."

"Haka ne."

Ta sa aka kawo tuwo da miyar kuka da busasshen kifi, na ci abin da zai hana a yi magana. Da zan tafi ta naɗe jirgin a kyallen ta miƙo mini. Na ce ta bar shi cikin kabad ɗin, ya fi dacewa da kwanukan yanzu. Ta ɗauka karamci ne, ta yi ta sa mini albarka har ƙofa. Na ji an ce yana nan har yau, baƙi na tambaya, tana cewa na mijin marigayiya ne, mai ilimi ne sosai.

Ban biya ta maƙabarta ba. Kabarin ba shi da alama, an kuma ƙara wasu a gefensa, ba na son in tsaya ina yi wa wani baƙo bayani.

A hanyar dawowa Hammadu ya dubi hannuna ya ga babu komai.

"Ba a samu ba?"

"An samu."

Wajen Jajimaji ya ce hanyar nan ta lalace.

Tinar tana nan a kwalbarta, ta ƙafe saura kaɗan. Burushin ma yana nan, da allurar, da tsumman da ta yaga. Da na karɓo jirgin, yini ɗaya ya isa in sake fentin in sa masa kwalli, har in goge da hannun nan nawa na goge allo, ba wanda zai sunkuya ya duba. Abin da ya sa ban karɓo ba ke nan.

Mutane suna tsammanin wanda matarsa ta mutu ba sallama yana da manyan maganganu da suka maƙale masa. Wani malami ya taɓa zaunar da ni ya ce in yafe mata in nemi yafiyarta a zuci, duk abin da ban faɗa ba Allah zai isar. Na gode masa. Ba mu da irin wannan bashin magana ni da Mairam, abin da ke tsakaninmu mun faɗe shi tun da sauran ƙarfi, wani da baki, wani a kan tebur. Tawa ƙarama ce. Na tanade ta tun hantsin waccan Talatar, na zaɓi kujera, na zaɓi shafi. Za ta shigo da ƙurar mota a mayafinta, ba za ta ko ajiye jaka ba, ta wuce gaban kabad ta sunkuya. Ta duba dama, ta duba hagu, ta sake duba dama. Ta daɗe tana nema. Ni kuwa ba zan ɗaga kai daga littafi ba, sai ta juyo tukuna.

Ban taɓa ba, Mairam.